Tambaya da Amsa: Wane ne Mai Yanka Bijimi a Kogon Rumawa?

Tun da muka buga hoton sassaƙaƙƙen dutsen nan a fitowar da ta gabata, wanda wani saurayi ya danne bijimi da gwiwa yana soka masa wuƙa, wasiƙu suke ta shigowa. Na tsamo biyar daga ciki. Waɗanda ba su ga tasu ba su yi haƙuri, mafi yawan tambayoyin kusan iri ɗaya ne.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce mai karatun tarihi. A ƙarƙashin hoton kun rubuta cewa na wani addinin asiri ne na Rumawa. To in dai asiri ne, ta ina aka san abin da suke yi?

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Kin yi tambayar da ya kamata kowa ya fara da ita. Sunan saurayin Mitras, kuma bautarsa ta bazu a Daular Rum daga ƙarshen ƙarni na 1 miladiyya zuwa ƙarshen ƙarni na 4. Mabiyansa ba su bar mana littafi ko ɗaya ba. Duk abin da aka sani ya fito ne daga hanya uku: duwatsu da zanen bango da aka tono, ɗan abin da mutanen waje suka rubuta a kansu (galibi abokan hamayya), sai kuma sharar da suka zubar. Ni wannan ta ukun na fi amince wa, zan gaya miki dalili.

Koma ki ƙura wa hoton ido tukuna. Mitras yana sanye da hula mai lanƙwasasshen kai da wando irin na mutanen gabas, mayafinsa na tashi a baya. Da hagu ya kama hancin bijimin ya ɗaga kansa, da dama ya soka wuƙa wajen kafaɗa, amma fuskarsa ba ta kallon abin da hannunsa ke yi, ya waiwaya. Kare da maciji suna miƙa baki wajen jinin. Kunama ta maƙale a marainan bijimin. Hankaka na zaune a sama. A ƙarshen wutsiyar kuwa, zangarniyar alkama ce ke tsirowa. Samari biyu suna tsaye dama da hagu, Kautes ya ɗaga bakin wuta sama, Kautopates ya sunkuyar da nasa ƙasa. Rana na kusurwa ɗaya, wata na ɗayar. An samu irin wannan hoton kusan 700, daga arewacin Ingila har gaɓar kogin Furatu, kuma da wuya ki ga wanda ya kauce wa wannan tsari.

Ɗakin ibadarsu su da kansu kogo suke kiransa. Na taɓa sauka wanda ke ƙarƙashin cocin San Clemente a birnin Rum. Za ki bar cocin da ake ibada a ciki yau, ki gangara zuwa wata tsohuwar coci ta ƙarni na 4, ki sake gangarawa. Can ƙasa akwai sanyi da warin danshi, kana jin ƙarar ruwa yana gudu a bayan bango. Ta tsakanin ƙarafa ake leƙa ɗakin. Abin da ya fara ba ni mamaki ƙanƙantarsa: siririn zaure ne mai rufin baka, an yi wa rufin kaushi don ya yi kama da kogon dutse, dakali a dama, dakali a hagu, hanya a tsakiya, da bagade mai hoton yankan bijimi. In an matsa mutum 30 za su shiga. Dakalan nan kuma a karkace suke, don na kishingiɗa ne. Rumawa a kishingiɗe suke cin abincin biki. Wato ginin kansa ya riga ya faɗa miki cewa babbar hidimar da ake yi a ciki ita ce cin abinci tare.

Ga shedar shara. A 1998 masu tonon kufai suka gano wani kogon Mitras a garin Tienen na ƙasar Beljiyam, kuma a gefensa akwai rami da aka zuba ragowar biki guda na ƙarni na 3. Suka zauna suka ƙirga ƙashi ɗaya bayan ɗaya: kaji sama da 200, kusan dukansu zakaru, da 'yan raguna da 'yan aladu kaɗan. Daga haƙoran ƙananan dabbobin aka gane watanninsu nawa da haihuwa lokacin da aka yanka su, lissafi ya faɗa a ƙarshen Yuni ko farkon Yuli, wato daidai lokacin da yini ya fi tsawo a can. Yawan kwanuka da kofuna ya nuna aƙalla mutum 100 ne suka ci, alhali ɗakin ba zai ɗauke su ba, ke nan an baje a waje. Babu marubucin zamanin da ya ambaci wannan biki. Ƙashin zakara ne ya ba da labarinsa, kuma ƙashi ba shi da wanda yake so ya burge ko ya ɓata.

Sai matakai. Mai shiga yana hawa daraja bakwai: Hankaka, Amarya, Soja, Zaki, Bafarise, Manzon Rana, sannan Uba, wanda shi ne shugaban kogo. Malamin Kirista Jerome ya jero su a wata wasiƙa wajen shekarar 403, kuma adon daɓen wani kogo a Ostia, tashar jiragen ruwan birnin Rum, ya gaskata shi: murabba'i bakwai a jere kamar tsani, kowanne da alamar darajar da tauraron da ke kula da ita, daga Uɗaridu na Hankaka zuwa Zuhalu na Uba. Wani marubucin Kirista, Tertullian, ya ce mai zama Soja ana miƙa masa kambi a bakin takobi, a ɗora masa a ka, shi kuma ya ture shi zuwa kafaɗa ya ce Mitras ne kambinsa. Masanin falsafa Porphyry ya ce masu zama Zaki da zuma ake wanke musu hannu, saboda zaki na wuta ne, ruwa kuwa maƙiyin wuta. A bangon kogon Capua ta Italiya an zana sabon shiga tsirara, an ɗaure masa idanu, yana durƙushe. A jikin wata tukunya da aka samu a Mainz ta Jamus, Uba ne zaune ya ɗana baka yana auna wani tsirara. A Riegel kuma, nan Jamus ɗin, aka tono takobin da tsakiyarsa ta lanƙwashe kamar rabin zobe, yadda in an ɗaura wa mutum a jiki sai a ga kamar an soke shi ta fito ta baya. Ki haɗa wannan da duhu da hayaƙin turare da 'yar fitilar mai, za ki gane irin tsoron da ake cusa wa sabon shiga kafin a kama hannunsa. Musabaha ita ce cikar shiga, har sunan da suke kiran junansu da shi ma'anarsa waɗanda suka haɗa hannun dama.

TAMBAYA: Malam, ni tsohon malamin makaranta ne. A littattafan da muka karanta da ƙuruciya an ce addinin Farisa ne sojojin Rum suka kwaso. Har yanzu haka magana take?

AMSA: Ranka ya daɗe Baba, littattafanku ba su yi ƙarya ba, abin da masana suka yarda da shi ke nan a lokacin. Sunan dai tsoho ne ƙwarai. Mitra ya fito a cikin wata yarjejeniya tsakanin Hittiyawa da masarautar Mitanni tun ƙarni na 14 kafin miladiyya, yana cikin littattafan Indiya na dā, kuma a addinin Zartusht na Farisa shi ne mai tsaron alkawari, mai ido dubu goma da ba a ɓoye masa cin amana. Rumawan ma da kansu sun ɗauka abin nasu daga Farisa ya zo. Marubucin Girka Plutarch ya rubuta cewa 'yan fashin tekun Kilikiya, waɗanda janar ɗin Rum Pompey ya murƙushe a shekara ta 67 kafin miladiyya, suna yin wasu bukukuwan asiri na Mitras.

Wanda ya kafa wannan fanni shi ne Franz Cumont, ɗan Beljiyam, wanda ya rayu daga 1868 zuwa 1947. A ƙarshen shekarun 1890 ya tattara duk wani dutse da rubutun Mitras da aka sani a manyan kundaye biyu, sannan ya fassara su da littattafan Farisa. Duk inda hoto ya yi shiru, sai ya ɗauko bayani daga can ya cike. Fiye da shekara 70 ra'ayinsa ne ya rinjaya. Sai a 1971, a babban taron masana Mitras na farko da aka yi a Manchester, John Hinnells da Richard Gordon suka fito da tambayar da ta rusa ginin: a wane littafin Farisa ne Mitra ya yanka bijimi? Babu. A labarin halitta na Zartusht, Ahriman, shugaban sharri, shi ne ya kashe bijimin farko. Kuma har yau ba a tono kogon Mitras irin na Rumawa a ƙasar Iran ba. Inda suka fi yawa shi ne birnin Rum da Ostia da sansanonin soja na bakin kogunan Rhine da Danube. Kama da wane dai ba ta wane.

Da aka rasa Farisa sai aka ɗaga kai sama. Tun a 1869 wani Bajamushe, K. B. Stark, ya lura cewa dabbobin hoton duk suna da takwarorinsu a taurari: bijimi shi ne burujin Sauru, kunama Aƙrabu, akwai gungun taurari mai sunan kare, da na maciji, da na hankaka, zangarniya kuma tauraron da ke burujin Sumbula. Dukansu a yanki ɗaya na sararin sama suke. Roger Beck da wasu suka farfaɗo da wannan karatu, kuma yana da madogara, domin Porphyry ya faɗa ƙarara cewa kogon kwaikwayon duniya ne, kuma da yawa daga hotunan an kewaye su da buruji 12. Har nan ina tare da su. Inda na tsaya shi ne wajen David Ulansey, wanda a 1989 ya ce Mitras gungun taurarin Perseus ne, kuma asirin addinin gaba ɗaya shi ne jirkicewar sararin sama a hankali da masanin taurari Hipparchus ya gano a ƙarni na 2 kafin miladiyya. Bayanin yana da daɗin ji, amma ba rubutun dutse ko ɗaya da ya goyi bayansa, kuma mafi yawan masana ba su karɓa ba. Ina ganin kuskuren Cumont ne ya sake sa riga: a ɗauko mabuɗi daga waje a ce dole ya buɗe wannan ƙofar.

TAMBAYA: Malam, na ga wani bidiyo a intanet da ke cewa an haifi Mitras ranar 25 ga Disamba, budurwa ce ta haife shi, yana da almajirai 12, ya mutu ya tashi bayan kwana uku, kuma daga nan Kiristoci suka kwafa. Gaskiya ne?

AMSA: Ɗan'uwa, yawancinsa ƙanzon kurege ne. Ba ruwana da gardamar addini a wannan fili, abin da duwatsu suka nuna zan faɗa maka.

Haihuwar Mitras tana cikin hotunan da aka fi samu, kuma daga dutse yake fitowa, saurayi sosai, wuƙa a hannu ɗaya, bakin wuta a ɗayan. Ba uwa a wurin. Har rubutun godiya ga dutsen da ya haife shi an samu. Almajirai 12 ɗin kuwa buruji 12 ne da na ambata a sama, wani ya ƙirga ya ba su wani suna. Mutuwa da tashi, babu hoto ko rubutu ɗaya da ya nuna Mitras ya mutu. Bayan yankan bijimin, shi da Rana suke kishingiɗa a kan fatarsa su ci abinci, sannan ya hau keken dokin Rana su yi sama.

Maganar 25 ga Disamba ita ce mai ɗan tushe, amma an karkatar da ita. Wata kalandar birnin Rum ta shekarar 354 ta rubuta wannan rana a matsayin bikin haihuwar Rana Marar Rinjayuwa, wanda Sarki Aurelian ya gina wa babban haikali a 274. Wannan addinin gwamnati ne na bainar jama'a, da tseren keken dawaki. Ruɗanin ya samo asali ne daga cewa mabiyan Mitras su ma suna yi masa wannan kirari a rubuce-rubucensu. Amma ba a samu wata sheda daga cikin kogo da ta ba shi ranar haihuwa ba. Ka kuma duba shekaru: wasiƙun Bulus na cikin Littafi Mai Tsarki na Kiristoci an rubuta su ne a shekarun 50 miladiyya, alhali tsofaffin duwatsun Mitras na Rum ba su wuce wajen shekara ta 100 ba.

Akwai dai wani kamanni da mutanen zamanin suka gani da idonsu. Justin, wani malamin Kirista na tsakiyar ƙarni na 2, ya yi ƙorafin cewa masu Mitras suna ajiye burodi da kofin ruwa suna karanta wasu kalmomi a kai, ya ce shaiɗanu ne suka kwaikwayi jibin Kiristoci. Sai dai cin abinci tare da sunan abin bauta ruwan dare ne a duniyar Rum. Akwai kuma layin nan da aka karanta a bangon kogon Santa Prisca na birnin Rum a shekarun 1950, wai ka cece mu da zubar da jini madawwami. Masu bidiyo suna son sa ƙwarai. Da aka sake duba bangon daga baya, sai aka ga fentin ya goge har kalmar madawwami ba ta tabbata ba, jinin kuma na bijimi ne.

TAMBAYA: Wai da gaske ne suna shiga rami a yanka bijimi a kansu jinin ya yi musu wanka?

AMSA: A'a, an haɗa su da maƙwabta ne. Wannan al'adar ta masu bautar Kibele ce, wadda Rumawa ke kira Babbar Uwa, wani addinin dabam. Kogon Mitras mai faɗin 'yan taku, da ƙaramar ƙofa da matakala, ta ina za a shigar da bijimi? Ƙasusuwan da ake tonowa a kogunan ma galibi na kaji ne da aladu da tumaki. Yankan bijimi aikin Mitras ne shi kaɗai, sau ɗaya, a jikin dutse.

TAMBAYA: Malam, ban ji ka ambaci mata ba. Su wane ne mabiyan, kuma me ya kawo ƙarshen abin?

AMSA: Hajiya, ban ambace su ba ne don duwatsun ba su ambace su ba. An samu rubuce-rubuce kusan 1,000, kuma a jerin sunayen masu daraja babu mace. Ko Amaryar da ke mataki na biyu namiji ne ake lulluɓa wa mayafi.

Mazan kuma ba sojoji kaɗai ba ne kamar yadda ake yawan faɗa. Sojoji suna da yawa: a Dura-Europos ta Siriya kwamandan maharban Palmyra ne ya kafa dutsen farko a 168, a Carrawburgh da ke jikin katangar Hadrian a arewacin Ingila kwamandoji ne suka kafa bagadai uku, ɗaya an huda hasken da ke kewaye da kan gunkin yadda in an kunna fitila a baya sai ya haskaka cikin duhu, a Lambaesis ta Aljeriya ma sansanin soja ne. Amma a Poetovio, Ptuj ta Slovenia a yau, bayi ne ma'aikatan kwastan suka gina kogo, a Ostia kuma 'yan kasuwa da 'yantattun bayi. Mutane ne masu rayuwa a ƙarƙashin oga, masu fatan ƙarin girma, kuma tsanin nan mai hawa bakwai ya yi daidai da duniyar da suka sani.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne wani allon tagulla da aka tono a 1992 a Virunum ta Ostiriya. Rajistar ƙungiya ce. Mutum 34 suka haɗa kuɗi suka gyara kogonsu da ya rushe a 183, daga nan ake ƙara sunayen sababbin shiga har zuwa 201, jimla 98. An rubuta cewa ranar 26 ga Yuni 184 sun taru saboda mace-mace, kuma an sa alamar rasuwa a gefen sunaye biyar. Bayi da masu 'yanci suna jere a allo ɗaya. Wannan ya sa ba na ɗaukar maganar masanin Faransa Ernest Renan ta 1882 da muhimmanci, da ya ce da wata cuta ta tsayar da Kiristanci da duniya ta zama ta Mitras. Ƙungiyar da ba ta karɓar mata da yara, wadda in ta cika ɗaki sai ta gina wani ƙaramin ɗakin, ba ta shirin cin duniya.

Ƙarshen ya zo a hankali. Ko a 308 sarakunan Rum da suka yi taro a Carnuntum, a Ostiriya ta yau, sun gyara wa Mitras wurin ibada suna kiransa majiɓincin mulkinsu. Amma koguna da dama sun riga sun fara mutuwa, iyakokin da sojoji ke tsaro suna rugujewa. Jerome ya yi alfahari da cewa Gracchus, gwamnan birnin Rum wajen 376, ya farfasa wani kogo kafin a yi masa baftisma, dokokin Sarki Theodosius na 391 da 392 kuma suka haramta hadayun gargajiya gaba ɗaya. Wasu kogunan an tarar da gumakansu a farfashe.

Na Landan dabam ne. An gina shi wajen shekarar 240 a bakin rafin Walbrook, kuma a farkon ƙarni na 4 wasu suka haƙa ƙasan ɗakin suka binne gumakansu na farin dutse, suka mayar da daɓe. A 1954 W. F. Grimes da Audrey Williams suna tono a filin da bama-baman Yaƙin Duniya na Biyu suka share, sun ga ginin amma ba su tabbatar na wane ne ba. Ranar 18 ga Satumba, ranar da aka tsara rufe aikin a miƙa wa magina fili, sai kan wani saurayi mai lanƙwasasshiyar hula ya fito daga laka. Jaridu suka ɗauka, dubun-dubatar mutane suka yi layi suna zagaye titi don su gani, maganar ta kai har majalisar ministocin Firaminista Churchill, aka ƙara wa masu tono kwanaki. An kwashe ginin an sake jera shi a wani wuri kusa, sannan a 2017 aka mayar da shi kusa da ainihin gurbinsa, mita 7 ƙarƙashin titi, a ginin kamfanin Bloomberg. Wuyan gunkin an same shi ne dabam bayan 'yan kwanaki, da aka ɗora kan a bisansa ya zauna daram.